Inda Buta Ta Kwana

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Baba ya rasu ranar Litinin da hantsi, a ɗakinsa, nan Tanut, da kofin kunu a hannunsa bai kai ga sha ba. Ni ce na zare kofin daga yatsunsa. Na fita da shi, na zuba wa kaji, na wanke, na kife, sannan na je na kira Yaya.

Kafin azahar an kai shi makwancinsa. Mu mata ba ma zuwa maƙabarta, don haka abin da na gani kawai shi ne gida yana cika. Gwaggo, ƙanwar Baba, ta iso daga Tarka bayan an dawo, ta zube a tsakar gida tana cewa an yi mata gaggawa, ba a bari ta ga fuskar ɗan'uwanta ba. Ƙanena da ke aiki a Agadas ya yi ta kuka a salula har na daina gane abin da yake faɗa, na miƙa wa wata. Yaya, babbanmu, shi nasa kukan faɗa ne: tabarmi ba su isa ba, wa ya bar randa babu ruwa, wa ya ɗaure akuya a hanyar mutane. Washegari wani dattijon Bafulatani da ba wanda ya san shi ya zo daga wajen Tenhiya, ya wuni a bakin zaure. Sai da zai tafi ya gaya wa Yaya cewa Baba ne ya suturta mahaifinsa a shekarar yunwa, ya ɗauki sandarsa ya kama hanya.

Ni kuwa ban ji komai ba. Wannan ita ce gaskiya, ba zan yi mata kwalliya ba. Ni da duk unguwa ta sani da baki, ni da na dawo gidan nan tun rasuwar mijina nake jinyar Baba muna faɗa safe da yamma a kan shan magani, sai ga ni ina raba fura ina karɓar gaisuwa kamar wadda aka ɗauko aikin biki. Na ji wata tana raɗa wa ta kusa da ita wai zuciyata ta bushe. Na juya na ce mata ta ɗaga, ta zauna mini a kan faifai. Ko kalmar ma ban furta ba. Yaya ne ya kira dangi, liman ya yi sanarwa a masallaci, ni in an ce mini ya haƙuri sai in ce da godiya. Bakina bai taɓa cewa Baba ya rasu ba.

Akwai mutum ɗaya da sanarwar masallaci ba za ta kai gare ta ba, ita ce Iya, matar marigayi Likita, aminin Baba. Kirista ce, tana zaune ita kaɗai can bayan tsohon asibiti, idonta ya kusa tafiya, kunnen ma sai an matsa kusa. Ɗanta tilo yana Yamai. Duk ranar Laraba Baba yake zuwa wurinta, kuma in ka cire shi ban san wanda ke taka ƙofarta don ita kanta ba. Da yammacin Litinin Yaya ya tuna da ita, ya ce a aika yaro ya gaya mata.

Na ce, "Haba Yaya. Iya ce za a aika wa yaro da irin wannan magana, sai ka ce saƙon gishiri? Ni zan je da ƙafata."

Ya ce, "To, ki je."

Ban je ba. Litinin ta wuce, Talata ta wuce, kullum in na ɗauki mayafi sai in ga wani aiki. Na san Laraba tana zuwa, na san za ta shimfiɗa masa tabarma ta zauna jira, amma ƙafata ta ƙi.

Jikokin Baba sun san shi ne tsoho mai gyangyaɗi a zaure, wanda sai an maimaita masa magana. Su nake so su ji mene ne Laraba a wurinsa.

Wajen lokacin da Nasara suke shirin tafiya, wasu mazan garin nan, su goma sha wani abu, suka haɗa kai. Akwai Mushe, malamin lakwal, wato makarantar boko, akwai Likita wanda aka turo daga Damagaram, akwai Sarkin Fawa, da Magini, da wani mai haƙar rijiya, da mai gidan waya, da sauransu. Baba, tela, shi ne ƙaraminsu. Ba su raɗa wa kansu suna ba, gari ne ya kira su Ƴan Laraba. Mushe ya so a yi biro, wato kwamiti irin na Nasara, da shugaba da mataimaki, Sarkin Fawa ya ce shi bai bar mahauta yana ba su umarni ba don ya zo wani mai alli ya ba shi. Aka yi ta ja-in-ja har aka tsaya a kan butar shayi. Shuɗiya ce, irin ta Buzaye, Magini ya sayo ta wurin wani maƙeri.

Ga yadda abin yake. Duk Laraba bayan azahar kowa ya rufe sana'arsa, su tafi aikin da aka yanke makon jiya. Wani mako su kwashe taɓo a bakin rijiya su gyara komin da dabbobin makiyaya ke sha. Wani mako su yaɓe ɗakin wata tsohuwa kafin ruwa ya sauka. In kaka ta yi, ciyawa ta bushe, su fita bayan gari su share hanyar tare gobara. Su leƙa asibiti su ga wanda aka kwantar ba shi da mai kawo masa fura. In baƙo ya mutu a kasuwa ko a tasha, ba a san danginsa ba, wannan ba ya jiran Laraba, su ake kira ko wace rana ce, kuma Baba ne mai ɗinka likkafani. Bayan la'asar sai su zauna a zauren ɗayansu a dafa shayi. A gidan da aka sha, nan buta take kwana har mako, mai gidan shi ne shugaba, shi ne kuma zai ɗauko ta ya kai gida na gaba. Wanda ya makara shi ke wanke kofuna. Doka ta ƙarshe ita ce babba: ba a zuba shayi sai an ga fuskar kowa. Wanda bai zo ba, kuma bai aiko ba, a kashe wuta, a ɗauki buta a bi shi gida.

Inna, Allah ya jiƙanta, ba ta ƙaunar Laraba ko kaɗan. Ranar ce ɗinkin mutane ke kwana a kan keke, ranar ce Baba ke dawowa da taɓo har gwiwa. In ya ɗauki hularsa sai ta ce, "Sabo turken wawa." Shi kuma ya ce, "Zumunta a ƙafa take," ya fice. Wannan karin maganar ya faɗe ta a gidan nan har ta tsufa a bakinsa. Mu yara mukan riga shi faɗa, ya harare mu, ya faɗa dai.

Kada wani ya ɗauka waliyyai ne. Masu gardama ne na gaske, kuma Baba yana gaba-gaba. An yi shekarar da Likita ya kawo yadi a ɗinka masa wando, zai je biki Damagaram. Wando ya fito bai kai idon sawu ba. Maimakon ya zo shago ya faɗa a asirce, sai ya bari aka zauna shayi, ya miƙe ƙafa a gaban kowa ya ce, "Ku ga abin da Tela ya yi mini. Wandon kamun kifi a garin da babu kogi." Aka kwashe da dariya. Baba ya ce awonsa ba ya ƙarya, ƙafar mutum ce ta ƙaru. Daga ranar suka daina magana, tun farkon damina har aka yanke gero. Amma ba wanda ya fasa zuwa. Su yi aiki kafaɗa da kafaɗa, su zauna tabarma ɗaya, Sarkin Fawa a tsakiya yana dakon magana.

Likita ya kurɓi shayi ya ce, "Sarki, gaya wa mutumin nan sukari ya yi yawa."

Baba ya ce, "Sarki, gaya masa ba da gadon ubansa aka saya ba."

Sarkin Fawa ya ce, "Duk kun ji juna, ku bar ni in sha."

Sai wata Laraba zazzaɓi ya kayar da Baba, bai fita ba, girman kai kuma ya hana shi aikawa. Ranar kuwa buta a gidan Likita ta kwana, shi ne shugaba. Ina ƴar ƙarama, amma ina ganin abin har yanzu: maza sun yi sallama sun shigo har tsakar gida, Likita a gaba, buta a hannun dama, jakar aikinsa a hagu, sanye da wandon nan, ƙwaurinsa a waje. Baba yana rawar ɗari ya ɗaga kai ya gan shi, dariya ta ƙwace masa har da tari. Likita ya ce, "Juya, tsohon banza," ya yi masa allura. A ƙofar ɗakin Baba aka dafa shayin ranar. Inna ma, da duk ƙiyayyarta da Laraba, ita ta kawo gawayi.

Shekarar yunwa kuwa Baba ba ya son a tayar da ita. Makiyaya sun gangaro daga arewa, shanu sun ƙare, suka zube a bayan gari. Ƴan Laraba suka koma ƴan kullum. Likita yana dubawa, Sarkin Fawa da Magini suna dama kunu a manyan tukwane, mai rijiya yana haƙa abin da ba rijiya ba. Baba yana kan keke. Farin yadi ya ƙare a kasuwa, ya yanka zannuwan gadon Inna, da suka ƙare ya ɗauko babbar rigarsa ta Sallah ya warware ta. Inna ta ce, "To da me za ka Idi?" Ya ce da abin da ke jikinsa. Da rigar aiki ya je, da zare a manne a kafaɗa. Na taɓa tambayarsa mutum nawa ya suturta a shekarar, ya ce in tashi in duba tukunya tana ƙonewa.

Daga nan mutuwa ta fara ɗaukarsu ɗaya bayan ɗaya. Sai suka ƙara doka: mutum ya mutu, gidansa bai fita daga zagaye ba. In layi ya zo kan gidan, a je a zauna a ƙofa, a dafa shayi, a dubi rufi, a leƙa rumbu, a tambayi mai takaba da marayu abin da ya dame su. Ranar da Likita ya rasu, mutanen cocinsu suka zo daga Damagaram, amma kabarin tsofaffin nan ne suka haƙa, da carbi a aljihunsu, sannan suka koma gefe suka tsaya har aka gama waƙoƙi da addu'a. Wani ya yi wa Baba magana a kan haka a bakin masallaci. Baba ya ce masa, "Maƙwabci yana da hakki. Kai in kana da wani aiki je ka yi." Bai ƙara ba, ya sa takalminsa.

A hankali gidajen suka ragu. Wata ta bi mijinta lahira, wata ƴaƴa suka ɗauke ta zuwa Maraɗi, wani gidan aka sayar. Mazan suka ƙare sai Baba, gidajen suka ƙare sai na Iya. Tun da ita ba za ta iya kawo buta ba, sai butar ta zauna can dindindin. Duk Laraba Baba ya yi wanka, ya sa farar riga, ya ɗaura ganyen shayi da sukari a bakin rawani, ya ɗauki sanda. Da ƙafa ta gaza sai maƙwabcinmu mai amalanken jaki ya riƙa kai shi. Na sha yi masa tsiya. Na ce, "Baba, ƙungiyar mutum ɗaya ai ba ƙungiya ba ce, taurin kai ne. Wata rana a hanya za a tsinto ka." Ya ce, "In an tsinto ni kin huta da faɗan magani."

Na raka shi ƴan lokuta. Ba wani abin kallo. Yana zama a tabarma a inuwar bango, ita tana daga bakin ƙofar ɗakinta. Kafin ya zauna sai ya leƙa randa, ya bubbuga azara da sanda ya ji ko gara ta ci, ya tambaya ko yaron Yamai ya kira. Sannan ya hura wuta a ɗan murhun waya. Hirar tasu duk ta matattu ce, wa ya ce me, wa ya faɗa a komin shanu. In ya miƙa mata kofin farko sai ta kurɓa ta ce, "Tela, sukari ya yi yawa." Shi kuma ya ce, "Ba da gadon ubanki aka saya ba." Su yi dariya, kowane mako, kamar yau aka fara faɗa.

Ranar Laraba aka yi sadakar uku. Tun safe ake dakan gumba, malamai suka yi addu'a, aka watse, aka sake taruwa. Na ji kiran la'asar, na san yanzu ta shimfiɗa tabarma. Na ci gaba da kwashe kwanuka.

Rana ta yi sanyi sai na ji zaure ya yi tsit. Maza da ke ta magana duk sun ɗauke wuta. Sai ƙarar sanda, a hankali, tana taɓa ƙasa. Iya ce ta shigo, wata mai tallar nono tana riƙe da gwiwar hannunta. Ta sa zanenta na zuwa coci, ta yafa farin gyale. A ɗaya hannun, shuɗiyar buta, duk ta yi tabo, murfinta ɗaure da waya. Rabonta da gidanmu tun rasuwar Inna.

Ta tsaya a tsakar gida ta ce, "Ina ƴar Tela?"

Na ce, "Ga ni, Iya."

Ta ce, "Na jira bai zo ba, bai aiko ba. Na ce zazzaɓi ne, bari in bi shi gida." Ta juya kai wajen ƙofa. "Amma sandata ta taɓa takalma da yawa a ƙofarku."

Gwaggo ta fara shessheƙa, Iya ta ɗaga hannu ta tsayar da ita, ta juyo da fuskarta wajen da ta ji muryata.

"Ke nake tambaya. Faɗa mini da bakinki."

Na buɗe baki. Na ji muryata kamar ta wata tana cewa, "Iya, Baba ya rasu. Tun Litinin."

Ta gyaɗa kai. Ta ce, "Tun Litinin." Ba ta tambaye ni me ya hana a gaya mata ba, da ma ta tambaya da ya fi mini sauƙi. Ta ce a kai ta ƙofar ɗakinsa. Aka shimfiɗa mata tabarma, ta zauna, ta ajiye buta a gabanta, ta yi addu'arta irin tasu ƙasa-ƙasa. Da ta gama ta ce, "To, hura wuta."

Gwaggo ta ce, "Shayi kuma, a gidan makoki? Wannan ai abin maza ne."

Iya ta ce, "Mazan sun ƙare, Hajiya."

Na shiga ɗakin Baba neman ganye. Yana nan a bakin rawaninsa da ke rataye, ya riga ya ɗaura, ganye a ƙulli ɗaya, sukari a ɗaya, tun kafin Litinin. Na kwance, na fito, na hura gawayi. Ban iya shayi ba, kallo kawai na sha yi, sai na juye sukarin duka. Na miƙa mata. Ta kurɓa, ta riƙe kofin, bakinta ya motsa. Na san abin da ya kamata ta ce, ita ma ta sani, amma babu mai ba ta amsa. Ta shanye ba ta ce komai ba. A nan ne abin ya same ni. Na kifa kaina a gwiwarta na yi kukan da ban yi ba tun Litinin, tana dafa bayana tana cewa, "Yi, ƴata, yi."

Gab da magariba Yaya ya kira mai amalanke ya mayar da ita. Har an ɗora ta na waiwaya na ga buta a ƙofar ɗakin Baba. Na ɗauko na bi su waje.

Na ce, "Iya, kin manta buta."

Ta ce, "Ban manta ba. A ina aka sha?"

Na tsaya da ita a hannu har amalanke ya sha kwana.

Allah ya jiƙan Baba, ya yafe masa gardamarsa da taurin kansa, ya sa duk suturar da ya yi wa baƙi ta zama tasa ranar da kowa ke neman sutura. Ya jiƙan Inna da ta kawo gawayi tana mita. Mu da muka rage, Allah ya ba ƙafafunmu ikon zuwa inda ya kamata tun kafin a biyo mu gida.

Laraba da ta zagayo na yi wanka bayan azahar, na ɗaura ganye da sukari a bakin mayafi, na ɗauki buta. Na leƙa randar Iya, na bubbuga azara da muciya tun da ba ni da sanda, na tambaya ko yaron Yamai ya kira. Na dafa, na miƙa mata. Ta kurɓa ta ce, "Ƴar Tela, sukari ya yi yawa."

Na ce, "Ba da gadon ubanki aka saya ba, Iya."